Intanet a Kan Ruwa: Yadda Ake Zaɓar Na'urorin da Za Su Kai Sabis Cikin Jirgi

Jirgin ruwa yana samun intanet ta ɗaya daga cikin hanyoyi uku. Ko dai ya tsinci Wi-Fi ɗin da ake watsawa daga gaɓa, ko ya kama sabis ɗin kamfanonin wayar salula daga ƙarafunansu da ke kan tudu, ko kuma ya yi hulɗa kai tsaye da tauraron ɗan'adam. Kowace hanya tana da nisan da take kaiwa, da irin kayan da take buƙata, da kuɗinta, da wutar da take ci. Saboda haka abin da mai jirgi zai fara tantancewa kafin ya shiga kasuwa shi ne inda jirginsa yake yawan zirga-zirga. Jirgin da ke kwana a tasha yana fita yawon 'yan sa'o'i, da jirgin fito da ke ɗaukar fasinja a Kogin Neja ko tafkin Kainji, da jirgin kamun kifi da ke yin makonni a tsakiyar Tekun Atlantika, ba su da buƙata iri ɗaya, kuma kayan da suka dace da ɗaya asarar kuɗi ne ga ɗan'uwansa.

Dalilin da ya sa nisa ya zama gaba da komai shi ne lanƙwasar doron ƙasa. Siginar Wi-Fi da ta wayar salula a miƙe suke tafiya, kusan yadda haske yake tafiya, don haka sai eriyar jirgi da eriyar tudu sun hangi juna kafin su ji juna da kyau. A kan ruwa babu bene ko tsauni da zai tare hanya, amma ruwan kansa yana tasowa tsakaninsu idan nisa ya yi nisa, tunda duniya a mulmule take. Injiniyoyin rediyo suna da lissafi mai sauƙi a kan wannan. A nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da tsawon eriya a mita, sai a ninka wannan lambar da 4.1, abin da ya fito shi ne kilomitocin da eriyar take hange. Ƙarfen sabis mai tsawon mita 36 yana hangen kimanin kilomita 25. Wayar da ke hannun mutumin da ke zaune a kwalekwale, mita ɗaya daga saman ruwa, tana hangen kilomita 4, idan aka haɗa ya zama 29. Idan aka ɗaga eriya zuwa mita 9 a saman jirgi, jimlar ta koma kimanin 37, a mita 16 kuma ta kai 41. Wannan lissafin iyakar hange ne kawai. Sau da yawa sabis mai amfani yana yankewa tun kafin a kai nan, musamman da yake kamfanoni suna karkata eriyoyinsu ƙasa, suna fuskantar da su wajen gari da manyan tituna inda masu saye suke, ba wajen ruwa ba.

Akwai ranakun da iska take kwantawa, ɗumi ya yi rufi a saman sanyin teku, sai sigina ta bi tsakanin rufin da ruwan ta yi tafiyar da ta ninka wannan lissafin. Matuƙa sukan ba da labarin irin waɗannan ranaku, kuma gaskiya suke faɗa. Sai dai abu ne na yanayi, yau akwai gobe babu, ba a sayen kaya a dogara da shi.

Wi-Fi ita ce hanya mafi arha kuma mafi gajeren zango. Tashoshin ajiye jiragen shaƙatawa a Turai da Amurka da tsibiran Karibiyan sun daɗe suna ba baƙinsu Wi-Fi, haka ma otal-otal da gidajen abinci na bakin teku. Kwamfuta ko waya a cikin ɗakin jirgi da ƙyar take kama irin wannan siginar daga nisan mita ɗari ko biyu, balle idan jikin jirgin na ƙarfe ne ko alminiyom, domin ƙarfe yana tare sigina ƙwarai. Maganin shi ne a ɗora ƙaramar na'urar rediyo da eriyarta a waje, a wuri mai tsawo, ta kamo siginar gaɓa, ta turo ta cikin jirgi zuwa wata rauta da za ta rarraba wa wayoyi da kwamfutoci. Da irin wannan shiri ana iya kama Wi-Fi daga nisan ɗaruruwan mitoci, wani lokaci har kilomita ɗaya zuwa 'yan kilomitoci idan wuri a buɗe yake kuma na'urar gaɓa mai kyau ce.

A nan ne talla ta fi yaudarar mai saye. Kwali yakan zo da rubutun kilomita goma ko ashirin, kuma ba lallai ne a ce ƙarya ce tsagwaronta ba. A shekarar 2007 wani injiniya mai suna Ermanno Pietrosemoli da abokan aikinsa sun haɗa Wi-Fi tsakanin tsaunuka biyu a Benezuwela da ke da tazarar kilomita 382. Amma sun yi hakan ne da manyan eriyoyi masu siffar kwano a ɓangarorin biyu, a kafe daram, an saita kowace tana kallon 'yar'uwarta. Jirgi ba ya tsayuwa wuri ɗaya, kuma mai shi ba shi da iko da na'urar da ke gaɓa. Hira ce ta ɓangare biyu. Ko da na'urar jirgi ta yi ƙarfin da za ta kai saƙo gaɓa, sai amsar ƙaramar rautar gidan abincin ta iya dawowa kafin shafi ya buɗe. Shi ya sa kyan jin na'ura ya fi ƙarfin watsawarta muhimmanci. Doka ma ta yi wa ƙarfin iyaka: a ƙasashen Turai ba a yarda a wuce miliwat 100 a zangon Wi-Fi na gigahaz 2.4 ba, a Amurka kuma an yarda da fiye da haka.

Zaɓen eriya yana da nasa tarko. Ana auna ƙarfin eriya da ma'aunin dBi, kuma kowane ƙarin 3 yana nufin ninki biyu. Mai saye yakan ɗauka cewa mai lamba 15 ta fi mai lamba 8 ta kowace fuska. Abin da ya kamata a sani shi ne eriya ba ta ƙirƙirar ƙarfi, tattara wanda ke akwai take yi ta tura shi wani gefe. Kamar curin fura ne da aka danne da tafin hannu: yana ƙara faɗi, yana rage kauri. Eriya mai babbar lamba tana baza sigina nesa a kwance, amma a siririn layi na 'yan digiri kaɗan. A kan rufin gida wannan alheri ne. A kan jirgin da igiyar ruwa ke kaɗawa, siririn layin yana kallon sama a wannan daƙiƙa, ya kalli ruwa a ta gaba, sabis ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. Don haka ƙwararrun masu haɗa kayan jirgi suka fi son matsakaiciyar eriya mai lamba 6 zuwa 9, wadda ke karɓa daga kowace kusurwa. Ita kuwa eriyar da ake saitawa ta fuskanci wuri guda, tana da amfani ne kawai idan an ɗaure jirgi a jikin tasha. Jirgin da ya jefa anga yana juyawa da iska da cikar ruwa, kafin a gama saiti ya riga ya ba gaɓa baya.

Kebul ɗin da ya haɗa eriya da na'ura shi ne wurin da mutane da yawa suke zubar da abin da suka saya ba su sani ba. Siririn kebul ɗin eriya da ake kira RG-58 yana cinye kusan dB ɗaya a kowace mita a zangon gigahaz 2.4. Mita goma daga saman jirgi zuwa ɗaki ke nan ta cinye kimanin kashi tara cikin goma na siginar, tamkar ba a sayi eriyar ba. Mai kauri irin LMR-400 yana cinye kimanin dB biyu da ɗoriya a wannan tsawon, amma yana da tsada, yana da taurin lanƙwasa, kuma zura shi ta cikin sandar jirgi aiki ne. Dabarar da ta zama ruwan dare ita ce a kawar da dogon kebul ɗin eriya gaba ɗaya. A ɗaura na'urar rediyon a gindin eriyar can sama, sannan a sauko da kebul ɗin kwamfuta na Ethernet, wanda ke ɗaukar bayanai har mita 100 ba tare da asara ba, kuma ta cikinsa ake tura wa na'urar wuta. Na'urori irin Bullet na kamfanin Ubiquiti da Groove na MikroTik sun yi suna a wajen matuƙa saboda an ƙera su a kan wannan tsari. Abin lura ɗaya shi ne ƙarfin wutar da ake turawa ta kebul ɗin ba iri ɗaya ba ne: wasu na'urori bolt 24 suke sha, wasu 48, kuma haɗa wanda bai dace ba yana iya ƙona na'ura.

Duk da wannan, darajar Wi-Fi na gaɓa ta ragu sosai. Yawancin rautoci yanzu a kulle suke da kalmar sirri. Zangon 2.4, wanda ya fi nisa, layuka uku kacal gare shi da ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, kuma a tasha mai cike da jirage kowa a kansu yake. Zangon gigahaz 5 ya fi sauri da sarari amma bai kai shi nisa ba. Sannan ko sigina ta cika fal, idan jirage hamsin suna rabon layin intanet ɗaya na ofishin tasha, da yamma kowa sai ya yi haƙuri. Wanda zai shiga asusun banki ta Wi-Fi ɗin da ba a kulle ba kuma yana buƙatar manhajar VPN da za ta ɓoye abin da yake aikawa. A kogunan Najeriya da Nijar da tafkin Chadi kuwa, da wuya a samu Wi-Fi a gaɓa da za a kama tun farko, don haka sayen waɗannan kaya a can ba shi da ma'ana.

Ga mafi yawan jiragen da ba sa nisa da tudu, sabis ɗin wayar salula shi ne ginshiƙi. Abin da ake buƙata rauta ce mai cin layin waya, mai ramukan haɗa eriyar waje. Kamfanoni irin Peplink da Teltonika suna ƙera irinta don motoci da jirage, tana aiki kai tsaye da batir mai bolt 12 ko 24, kuma kamfanin Poynting na Afirka ta Kudu yana cikin masu ƙera eriyoyin da aka yi musamman don teku. Fasahar 4G tana aika bayanai ta hanyoyi biyu ko fiye a lokaci guda, shi ya sa rautar take da ramukan eriya biyu, ta 5G kuma sau da yawa huɗu. Wanda ya haɗa ɗaya ya bar sauran ya rage wa kansa sauri. Maganar kebul ma tana nan: ko dai a gajarta shi, ko a sayi irin rautar da ke zaune cikin kwanson eriyar a waje.

Abin da ya fi cancanta a duba a jikin takardar rauta shi ne zangunan da take kamawa. Ƙananan zanguna, wato megahaz 700 da 800 da 900, su ne suke tafiya nesa. Na 1800 da 2600 sun fi ɗaukar kaya amma sun fi saurin gajiya, shi kuwa 5G na zangon gigahaz 3.5, irin wanda MTN ya ƙaddamar a Najeriya a 2022, na cikin gari ne, ba a sa ran sa a tsakiyar ruwa. A kilomita ashirin daga gaɓa, ƙaramin zango ne zai rage. Matsalar ita ce zangunan Amurka sun bambanta da na Afirka da Turai. Rautar da aka yi don kasuwar Amurka, aka kawo ta a matsayin ta hannu, tana iya yin aiki lafiya a cikin birni, a fita ruwa ta yi shiru, domin ba ta san lamba 20 da 28 ba, waɗanda su ne sunayen zangunan 800 da 700 da ake amfani da su a wannan yanki. Wasu kuma a kulle suke da layin kamfani ɗaya. Rauta mai cin layi biyu ta fi, saboda a bakin kogi ɗaya za a tarar wannan ƙauye ƙarfen MTN ne ke kusa, na gaba na Airtel ko Glo.

Iyakokin ƙasa suna shiga cikin lissafi. A wajen Gaya, inda Kogin Neja ya raba Nijar da Benin kafin ya shiga Najeriya, ko a tafkin Chadi da ƙasashe huɗu suka kewaye, eriya mai tsawo tana iya kamo ƙarfen maƙwabciyar ƙasa, layi ya koma biyan kuɗin baƙunta mai shi bai ankara ba. Ana hana wannan ta hanyar kashe damar yawon layi a cikin saitin rautar, ko a zaɓi kamfani da hannu.

Akwai kuma na'urar ƙara ƙarfin sabis da 'yan kasuwa ke kira busta, wadda ke kamo sigina a waje ta ƙara mata ƙarfi ta sake watsa ta a ciki. A jirgi ba ta cika biyan buƙata ba. Tana ƙara ƙarfin hayaniya tare da siginar, kuma tana buƙatar tazara mai kyau tsakanin eriyarta ta waje da ta ciki, in ba haka ba sai ta riƙa jin muryar kanta tana dagula sabis ɗin jama'ar da ke kusa. A ƙaramin jirgi wannan tazarar babu ita. Hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gargaɗi a kan amfani da busta ba da izini ba, a Amurka ma sai an yi mata rajista da kamfanin layi. Rauta mai eriyar waje ta fi ta sauri, kuma ba ta jawo rigima da hukuma.

Da zarar jirgi ya wuce inda ƙarafunan tudu ke hange, tauraron ɗan'adam kaɗai ya rage. Wannan fanni ya samo asali ne daga buƙatar ceton rai. A 1979 aka kafa Inmarsat a ƙarƙashin jagorancin hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, domin jirage su samu hanyar neman agaji. Daga baya ta zama kamfani, kuma Viasat na Amurka ya saye ta a 2023. Taurarinta suna can sama da kilomita 35,786 a saitin tsakiyar duniya, inda suke juyawa daidai da juyawar ƙasa, sai a gan su kamar a tsaye suke. Amfanin hakan shi ne 'yan taurari kaɗan sun isa su rufe kusan duk tekunan duniya, ban da can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu. Illarsa kuma nisa ne: tambaya ta hau ta sauka, amsa ta hau ta sauka, an ci fiye da rabin daƙiƙa, abin da ake ji a kiran bidiyo. Manyan jiragen dakon kaya suna amfani da kwano mai injin da ke riƙe shi yana kallon tauraro duk yadda jirgi ya yi tangaɗi, a cikin farin ƙoƙon nan da ake gani a samansu. Nauyinsa da tsadarsa sun fi ƙarfin ƙaramin jirgi.

Iridium ya bi wata hanya daban. Taurari 66 gare shi masu aiki, a tsawon kimanin kilomita 780, suna kewaya duniya har da ƙuryoyinta biyu. Zangon da yake amfani da shi ba ya damuwa da ruwan sama sosai, eriyarsa ƙarama ce, wutar da yake ci kaɗan ce. Saurinsa ne abin tausayi. Ƙaramar na'urarsa ta Iridium GO! da ta fito a 2014 tana tafiya da kilobit 2.4 a daƙiƙa, wato hoto ɗaya mai nauyin megabait guda zai ɗauki kusan awa kafin ya wuce. Duk da haka matuƙa masu tsallaka teku sun riƙe ta hannu bibbiyu, domin abin da suke nema shi ne gajeren saƙo da taswirar hasashen iska, wadda ake matse ta ta koma 'yan kilobait. Manyan na'urorin Iridium Certus suna kaiwa kilobit 704.

Starlink na kamfanin SpaceX ne ya sauya kasuwar. Dubban taurarinsa suna yawo a kimanin kilomita 550, don haka jinkirin amsa ya ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a mafi yawan lokuta, sauri kuma ya kai na intanet ɗin gida mai kyau. Farantinsa shimfiɗaɗɗe ne, cike da ɗaruruwan ƙananan eriyoyi da ke bin tauraro ta hanyar lantarki ba tare da farantin ya motsa ba, taurarin kuma suna miƙa wa juna bayanai da hasken leza, shi ya sa ake samun sabis a tsakiyar teku inda babu tashar ƙasa. Lokacin da ya fito da tsarin jiragen ruwa a watan Yulin 2022, kuɗin wata dala 5,000 ne, na kayan kuma dala 10,000. Farashi ya sauko sosai tun daga nan. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ya fara aiki a cikinta, a watan Janairun 2023, Ghana ta biyo baya a 2024, Nijar a 2025.

Mai sha'awar Starlink yana da abubuwa da zai karanta da idon basira kafin ya biya. Tsarin biyan kuɗi na gida an ɗaure shi da adireshi guda, ba na yawo ba ne. Tsarin yawo yana aiki a koguna da tafkuna da ruwan da ke kusa da gaɓa, amma idan aka wuce mil 12 na teku, kimanin kilomita 22, wanda shi ne iyakar ruwan ƙasa, ana shiga wani lissafin kuɗi mai tsada da ake auna shi da gigabait. Kamfanin yana yawan sauya waɗannan sharuɗɗa da sunayensu, don haka abin da wani ya saya bara ba hujja ba ne a bana. Farantin yana son sararin sama a buɗe, sanda ko filafilan jirgi ko rumfa suna yanke shi. Ruwan sama mai ƙarfi irin na damina a gaɓar Tekun Gini yana raunana shi, wani lokaci ya ɗauke na ɗan lokaci, daidai lokacin da aka fi buƙatar labarin yanayi. Sannan akwai doka. Ba a yarda a yi amfani da shi a ruwan ƙasar da ba ta ba shi lasisi ba, kuma wasu ƙasashe suna tsananta wa kayan tauraro baki ɗaya. Indiya ta haramta amfani da wayoyin Thuraya da Iridium a ruwanta ba da izini ba, a 2013 kuma sojojin Najeriya sun hana amfani da wayar Thuraya a jihar Borno saboda matsalar tsaro. Mai shiga irin waɗannan wurare da eriya a saman jirgi gara ya nemi izini tukuna.

Wuta ce take yanke hukunci a ƙananan jirage. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe da wat 1,200 na awa guda, amma idan na ruwan asid ne rabin wannan kawai ake ci, in ana son ya yi ƙarko. Farantin Starlink na yau da kullum yana shan wat 75 zuwa 100, wato zai gama da wannan rabin cikin awa shida zuwa takwas. Babban da aka yi don jirage yana shan 110 zuwa 150. Ƙaramin da ake kira Mini, wanda ya fito a 2024, yana shan 25 zuwa 40, kuma yana karɓar wutar batir ba sai an bi ta inbata ba, wadda ita ma tana cin nata rabon. Rautar 4G kuwa wat biyar zuwa goma ta ishe ta. Ke nan kuɗin faranti ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba, akwai sola da ƙarin batir a bayansa. Ƙa'ida ce mai kyau a ware batirin tayar da inji daban, kada kallon bidiyon dare ya hana jirgi tashi da safe. Data ma haka take zurarewa: awa ɗaya ta fim mai kyan hoto tana iya cin gigabait uku, kuma wayoyin ma'aikata da fasinja suna sabunta manhajojinsu da kansu da zarar sun ga Wi-Fi. Rauta mai kyau tana ba da damar yanka wa kowa iyaka, tana kuma iya bin hanyoyin bi da bi, ta fara da Wi-Fi na tasha idan akwai, ta koma layin waya, sai ta rasa duka biyu ta hau tauraro.

Ruwa da gishiri da rana suna kashe kayan lantarki fiye da yadda aiki ke kashe su. Lambar IP da ke jikin na'ura tana nuna juriyarta: IP66 tana jure feshin ruwa mai ƙarfi, IP67 tana jure nutsewa a zurfin mita ɗaya na minti talatin. Mafi yawan lalacewa daga mahaɗar kebul take farawa. Wanda ya kwance mahaɗar da aka bari tsirara bayan damina ɗaya a teku zai tarar da koren gari a kan tagullar, ruwa kuma ya bi cikin kebul ɗin ya yi nisa. Ana naɗe mahaɗa da tef ɗin roba mai narkewa ya manne da kansa, a rufe da baƙin tef na masu gyaran wuta, a bar wa kebul ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ya shiga ɗaki domin ruwa ya ɗiga a waje. Kusoshi da maɗauri su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 316. Kada a kafa eriya a saitin hasken na'urar rada, ko manne da eriyar rediyon jirgi. Abu mafi tsawo a kan buɗaɗɗen ruwa kuma shi tsawa take nema, don haka a sa na'urar kariya a kan kebul, a cire haɗin idan hadari ya taso. Kafin a huda jikin jirgi, dabara ce a ɗaure kayan na wucin gadi a yi 'yan tafiye-tafiye da su, a ga inda suka fi kamawa.

Intanet, komai saurinsa, ba ya maye gurbin kayan neman agaji. Tsarin ceto na duniya da ake kira GMDSS, wanda ya fara aiki gadan-gadan a ranar 1 ga Fabrairun 1999, ya dogara ne da na'urorin da aka gwada don wannan aiki. Rediyon VHF a layi na 16, megahaz 156.8, yana kai kira ga duk jirgin da ke kusa a lokaci guda, alhali saƙon WhatsApp mutum ɗaya yake samu, shi ma sai in yana duba wayarsa. Na'urar EPIRB tana da batirinta, tana yawo a saman ruwa, tana aika sunan jirgi da inda yake a zangon megahaz 406 zuwa taurarin Cospas-Sarsat ko da jirgin ya nutse. Rauta da faranti kuwa suna mutuwa ne da zarar ruwa ya taɓa batir. Daga cikin kamfanonin tauraro da aka ambata, Inmarsat da Iridium ne aka amince da su a tsarin GMDSS, Starlink ba ya ciki. Mai jirgin da kuɗinsa bai isa duka ba, ya fara sayen rigunan kariya daga nutsewa da rediyo, intanet ya biyo baya.